Na samu aikin sola a tsibirin Dominika amma lokacin guguwa zan fara, don Allah wanda ya san wajen ya ba ni shawara

MaiSola_Zariya ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema wajen duk wanda ya taɓa zama a tsibiran Karebiyan ko wani tsibiri da ake irin mahaukaciyar guguwar nan ta teku. Ni aikin sola nake yi, shekara 7 kenan, tun ina yaron shago a Sabon Gari har na zo ina haɗa wa gidaje da rijiyoyin burtsatse da kaina. To wani ogana da muka yi aikin burtsatse tare shi ya haɗa ni da wani masaukin 'yan yawon buɗe ido a Dominika, irin na cikin dajin nan da ba sa son a taɓa muhalli, ɗakuna ne na katako guda 12 a gefen tsauni, ba su jona wutar gwamnati ba, sola ce da ɗan ƙaramin injin da ruwan rafi ke juyawa, ruwan sha ma na sama suke tarawa a tankuna. Suna neman wanda zai riƙe musu wutar da famfunan. Kwantiragin wata 8 ne daga Yuni, ɗaki da abinci nasu.

Wlh da farko murna kawai nake har sai da na bincika na ga ashe daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba shi ne lokacin guguwa a wajen, wato kusan duk zamana a ciki zan yi shi. Ƙanwata kuma ta je ta nuna wa Hajiyarmu bidiyon rufin gidaje na tashi sama, yanzu kwana uku kenan in na gaishe ta sai ta ce "ka fasa ko?" Ni kuma gaskiya ina son aikin, ina da aure a gaba kuma kun san yadda kasuwa take. Shin abin ya kai yadda ake nunawa? Ya ake yi in ta taso, ma'aikata guduwa suke ko zama? Sannan batun salla da abinci fa?

Likitan_Dutse ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Ƙanina ka zo wajen da ya dace, ni a Roseau babban birninsu na yi wani ɓangare na karatun likita kuma ina can guguwar Maria ta same mu a 2017, don haka abin da idona ya gani zan faɗa maka, ba zan tsorata ka ba kuma ba zan ɓoye maka ba.

Abu na farko, ba kowace shekara ake yin ta ba. Yawancin shekaru ruwa ne da iska da gargaɗi, sai ta bi ta arewa ko ta kudu ta wuce, kowa ya koma aikinsa. Kafin Maria babbar da tsofaffi ke ba da labari ita ce David ta 1979, ka ga tazarar. Amma fa in ta zo ta zo. Ranar Lahadi 17 ga Satumba da yamma Maria tana mataki na 1, mutane na ta siyayyar biredi da kifin gwangwani cikin raha, mu ɗalibai har muna cewa gobe ba lacca. Kafin daren Litinin 18 ga wata ta zama mataki na 5, wanda babu sama da shi, ta shigo tsibirin wajen ƙarfe 9 na dare da iska mai gudun kusan kilomita 270 a awa. A kwana ɗaya fa. Wannan saurin shi ya cuci mutane da yawa don shirin ƙaramar guguwa suka yi.

Mu huɗu ne a gidan da muke haya, ginin bulo rufin kwano. Ƙarar ce ba zan manta ba, kamar tirela goma na wucewa ta kan rufin kuma ba sa ƙarewa, kunnuwanka na toshewa kamar kana cikin jirgin sama, ƙofa tana numfashi tana shiga tana fita. Da muka ji ƙusoshin kwanon sun fara ɓallewa ɗaya bayan ɗaya sai muka ja katifa muka shige banɗaki, shi kaɗai ne ke da rufin kankare a sama, muka ɗora katifar a kanmu, ruwa na bin ƙasan ƙofa har idon sawu. Wani abokinmu ɗan Ilorin yana ta karanta Ayatul Kursiyyu da ƙarfi amma ni da kafaɗata ke jingine da tasa ba na jin muryarsa, motsin bakinsa kawai nake gani a hasken tocila. Haka muka kai asuba.

Da gari ya waye muka fito, tsaunukan nan da kullum kore shar kamar an zuba musu fenti sun koma ja-ja ba ganye ko ɗaya, sak dajinmu a tsakiyar rani bayan an saka masa wuta. Titunan Roseau cike da laka da gungumen itace da kogi ya kwaso. Shi kansa firaministansu Roosevelt Skerrit rufin gidansa ya tafi, a Facebook ya rubuta a daren. Mutum 65 ne tsakanin waɗanda suka rasu da waɗanda ba a gani ba, a ƙasar da mutanenta duka ba su wuce dubu 70 da 'yan kai ba, asarar kuwa an ƙiyasta ta kai kashi 226 cikin ɗari na abin da ƙasar ke samarwa a shekara.

Amma in ka tambaye ni abin da ya fi wuya, ba daren ba ne, kwanakin da suka biyo baya ne. Ba sabis na waya, ba wuta, ba ruwan famfo, banki a rufe katin ATM ya zama roba, an saka dokar hana fita. A rafi muke wanka da wanki. Mahaifiyata ta yi kwanaki ba ta san ina raye ko na mutu ba, da na samu na kira ta kuka kawai take ta kasa magana, kuma har yau wannan ya fi damuna a kan komai. Daga baya ta jirgin ruwa aka kwashe mu. Wasu ƙauyukan sun yi watanni da yawa ba wuta.

Tunda ka ce masaukin a gefen tsauni yake, abin da za ka fi tambaya ruwa ne ba iska ba. Guguwar Erika ta 27 ga Agusta 2015 ko matakin mahaukaciyar guguwa ba ta kai ba, ruwa kawai ta zubar na awanni, ƙasa ta zaftare, mutum wajen 30 suka mutu, ƙauyen Petite Savanne dole aka kwashe mutanensa gaba ɗaya, filin jirgin Douglas-Charles ma ruwa ya shige shi. Tsibirin duk tsauni ne da kwazazzabai da koguna, su da kansu cewa suke suna da kogi 365. Don haka ka tambaye su ɗakin ma'aikata a ina yake, kusa da rafin ne ko a tudu, akwai gangare mai tsayi a bayansa, gada nawa za a tsallaka kafin a kai babban titi, sannan akwai gini na siminti mai rufin kankare da ake fakewa a ciki ko duk katako ne. In suka amsa maka waɗannan ba inda-inda to mutanen kirki ne da suka san abin da suke yi.

Salla ba matsala, ba wanda zai hana ka, mutane ne masu sauƙin kai kuma Turanci suke yi haɗe da nasu yaren Kiriyol ɗin. Musulmi kaɗan ne amma akwai, da ɗan masallaci a wajen garin Portsmouth, sai dai daga cikin tsauni samun Juma'a kowane mako zai yi maka wuya gaskiya. Abinci ka riƙe kifi, ga gwaza da suke kira dashin, ga ayaba da doya. Miyar ganyensu kalalu tana da daɗi amma ka riƙa tambaya kafin ka ci don sau da yawa da naman alade mai gishiri ake yin ta.

Uwar_Biyu ta rubuta:

Ɗana ni ban san tsibiri ba amma na san takarda, shekara da shekaru ina aikin ɗaukar ma'aikata. Kafin maganar guguwa ka fara tabbatar da aikin ma akwai shi. Ka yi magana da manajan ta bidiyo ya zaga da kai wajen, kuma duk wanda ya ce ka turo kuɗin "sarrafa takardu" ka tsaya cak. Ka lura kuma Dominika daban Jamhuriyar Dominikan daban, ƙasashe biyu ne, akwai masu rikita su har wajen yankar tikiti. Izinin aiki ya fito da sunanka kafin ka taka jirgi, kar ka yarda da "ka zo tukuna a gyara". In ta Landan za ka bi, mai fasfon Najeriya yawanci sai da bizar wucewa ko da ba zai fita daga filin jirgi ba.

Sai babban abin, masaukai da yawa a yankin nan rufewa suke a Satumba da Oktoba saboda ba baƙi. To a rubuce, in an rufe albashinka na tafiya ko tsayawa zai yi? In guguwa ta rushe wajen wa zai biya tikitin dawowarka? In ka ji ciwo kana kan rufi kana kwance fanel wa zai biya asibiti, in kuma sai an fitar da kai wani tsibirin fa? Kar ka ji kunyar tambaya, kunya ba ta biyan kuɗin jirgi. Fasfonka kuma a hannunka zai zauna ba a ofishin kowa ba.

Hajiya kuma kar ka yi mata gardama, uwa ce, abin da ta gani ta gani. Ka samu amsoshin nan ka zauna ka yi mata bayani dalla-dalla, ka ba ta lambar manajan da ta wani ma'aikaci ɗaya, ka gaya mata tun yanzu cewa in guguwa ta wuce waya na iya ɗaukewa kwanaki kuma hakan ba yana nufin wani abu ya same ka ba. In ta sa maka albarka ka tafi, in ta ƙi to ka san ba ka da tafiya.

Kuku_a_Mauritius ya rubuta:

Slm. Malam ni ba Karebiyan nake ba, ina tekun Indiya ne a Mauritius ina aikin kicin a wani masauki bakin teku shekara ta 4 kenan, mu namu lokacin daga Nuwamba ne zuwa tsakiyar Mayu, sunan ne kawai ya bambanta amma guguwar ita ce dai. Bari in amsa maka tambayar da ka yi ta guduwa ko zama. Ba guduwa wlh, ma'aikaci shi ne ƙarshen shiga ɗaki. Mu nan gargaɗi aji-aji ne daga 1 zuwa 4, ofishin hasashen yanayi da ke Vacoas ke sanarwa a rediyo, da an ce aji 2 makarantu sun tashi, aji 3 kowa ya koma gida motocin haya su tsaya, amma mu 'yan otal wasu dole su kwana a ciki don baƙi na nan kuma sai sun ci abinci. Dokar nan ta ce in ka yi aiki a aji 3 ko 4 a biya ka ƙari kuma a ciyar da kai, ka tambaya ko can ma akwai irin haka.

Aikin kuwa tun kafin lokacin ake fara shi, a hau bishiyoyin kwakwa a sauke 'ya'yan duka don in iska ta ɗauki kwakwa ɗaya ta zama dutse, a sare rassan da suka leƙo kan rufi, a yashe kwatoci. In an yi gargaɗi sai a kwashe kujeru da lemomi da tukwanen fulawa, duk abin da hannu zai iya ɗagawa iska ma za ta iya, a jawo kwale-kwale tudu a ɗaure, a buga katako a tagogi. Mu a kicin mu dafa abin da zai lalace tukuna, mu cika firiza da robobin ruwa su daskare don in wuta ta tafi su riƙe sanyi, a cika kowace tukunya da ruwa. Sannan ga baƙi, wani na kuka yana son jirgi yanzu-yanzu alhali an rufe filin jirgi, wani kuma ya ɗauki waya zai je bakin teku ɗaukar hoton igiyar ruwa sai ka bi shi kana roƙo. Kai cikinka na kaɗawa amma dole fuskarka ta nuna ba komai.

Guguwar Belal ta 15 ga Janairu 2024 ta koya mana hankali, mutane sun fita aiki da safe, kafin a ce a koma gida ruwa ya cika babban birnin Port Louis yana jan motoci kamar gwangwanaye. Tun daga ranar ni ba na jiran sanarwa ta ƙarshe. Jakata kullum a haɗe take, fasfo da takardu a leda biyu, tocila, fawabank biyu, ƙaramin rediyo mai batir, magani, dabino da garin kwaki, da tsabar kuɗi. Ka riƙe tsabar kuɗi sosai.

Wani abu da ba a faɗa, lokacin nan kaɗaici ya fi guguwa yawa. Baƙi kaɗan, ɗan ihsanin da suke bayarwa ya ragu, ruwa kullum, kaya ba sa bushewa, takalminka da sallayarka su yi funfuna, ga sauro. Ka tafi da yaji da kuka da daddawa, za ka gode min.

Injiniya_Damagaram ya rubuta:

Abokin sana'a barka. Ka san wani abu? Da yawa daga manyan guguwowin nan daga wajenmu suke tasowa. Hadarin daminar da ke haɗowa daga gabas ya bi ta kan Chadi da Nijar da arewacin Najeriya yana yin yamma, shi ne in ya fita ta gaɓar Senegal da Gini ya hau teku mai ɗumi wajen tsibiran Kef Bad wani lokaci sai ya fara juyawa, kafin mako ɗaya ko fiye ya isa Karebiyan. Shi ya sa lokacin da abin ya fi tsanani, tsakiyar Agusta zuwa tsakiyar Oktoba, ya zo kusan daidai da tsakiyar daminarmu da ƙarshenta, ƙololuwa wajen 10 ga Satumba. Ƙurar Sahara kuma in ta tsallaka tekun a Yuni da Yuli tana danne su saboda busasshiyar iska ce. Amma kar ka ce farkon lokaci lafiya ne, guguwar Beryl ranar 1 ga Yuli 2024 ta daki tsibiran Carriacou da Union Island ta yi musu raga-raga. Ka saba da shafin cibiyar lura da guguwa ta Amurka da ke Miami, duk awa 6 suke sabunta bayani, in suka ce a yi hattara saura kamar awa 48, in suka ce gargaɗi saura kamar 36.

Ta ɓangaren aikinmu, ranar da ka isa ka hau ka duba yadda aka ɗaure fanel ɗin, yawanci ba gilashin ke fara fashewa ba, maƙalan ne ke sakewa, ɗaya ya tashi ya ja sauran. Iskar teku na da gishiri tana cin ƙarfe, noti da ka gani lafiya a ido sai ka sa sifana ya ruɓe a hannunka, don haka ka nemi na silba marasa tsatsa ka bi su ɗaya-ɗaya ka ƙara ɗaurewa. Ka gwada tun sama na garau ka ga awa nawa zai ɗauke ku ku sauke fanel duka ku jera a ɗaki, ka sa wa kowace waya lamba, don in awa 10 ne aikin to ba ranar gargaɗi za ka gano ba, kuma da iska ta fara kaɗawa ba mai hawa rufi riƙe da fanel, tashi zai yi da kai. Batura da inbata a ɗaga su daga ƙasa, a caje su taf kafin a kashe. Injin rafin nan a rufe mashigarsa tun da wuri don yashi da duwatsu za su cika shi. Tankuna a cika su don tanki wofi tashi yake, sannan a cire bututun da ke kawo ruwa daga rufi kafin ta iso, in ba haka ba ganye da gishiri da mushen tsuntsaye duk a ruwan shanku. Ka ajiye fanel biyu da ƙaramin batir a gefe, bayan guguwa wanda ke iya cajin waya da kunna firjin magani shi ne mutumin da duk ƙauyen ke nema.

MaiSola_Zariya ya rubuta:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, wlh na karanta kowanne sau biyu. Likita labarin banɗakin nan ya tsaya min a rai. Jiya da daddare na yi bidiyo da manajar, mace ce, ta zaga da ni har ɗakin batura. Akwai gini ɗaya na siminti mai rufin kankare inda kicin da sito suke, nan suke fakewa, ta ce bayan Maria suka gina shi. Ɗakin ma'aikata kuma gaskiya kusa da rafin yake, na nuna damuwa ta ce in an yi gargaɗi kowa sama yake komawa. Gada biyu ce kafin babban titi. Suna rufewa wata ɗaya da rabi daga farkon Satumba amma ni ina cikin masu zama don lokacin ake gyare-gyare, albashi cikakke. Tikitin dawowa in wani abu ya faru ne babu a takardar, Mama Uwar_Biyu na faɗa mata kamar yadda kika ce, ta ce za ta yi magana da mai wajen su ƙara su turo min sabuwa, ni kuma na ce ba zan sa hannu ba sai na gani.

Hajiya na zauna da ita bayan la'asar na karanta mata amsar Likita har ƙarshe ban tsallake komai ba. Ta yi shiru can ta ce in bari ta yi istihara zuwa Juma'a. Injiniya don Allah in ba damuwa zan turo maka hoton maƙalan fanel ɗin da na ɗauka daga bidiyon, kamar na ga tsatsa a layin ƙasa amma hoton bai fita sosai ba.

Injiniya_Damagaram ya rubuta:

Turo, ba komai. Ka ce mata kuma ta ɗauko maka hoton ƙasan rufin ta ciki inda katakon ya haɗu da bango, ina so in ga ko da ƙarfe aka ɗaure shi ko ƙusa ce kawai.